Hazo Da Hayaƙi A Ƙasar Tambuwal Da Kebbe

Yau za mu yi magana ne a kan iska, watau wannan da ke shiga hancinmu tana fita dare da rana ba tare da mun kula da ita ba. Mutum ya kan yi kwanaki bai ci tuwo ba, ya kan yini bai sha ruwa ba, amma ba ya iya minti biyar bai shaƙi iska ba. Likitoci sun ƙididdige, baligi ya kan ja numfashi wajen sau 20,000 a kwana ɗaya, iskar da ke ratsa huhunsa kuwa ta kai lita 10,000, watau cikin durom 50 irin na kananzir. In aka miƙo maka gurɓataccen ruwa ka kan tace shi, ko ka zubar. Iska kuwa ba ta zubuwa, yadda ta zo haka a ke shanta.

In aka ce iska ta ɓaci, mutane su kan tuna Legas ko Kano, inda masana'antu da motoci su ke, su ce mu nan ƙauye ina ruwanmu. Gaskiya ne babu wata babbar masana'anta a ƙasar Tambuwal ko ta Kebbe. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, yana can gefen birnin Sakkwato, wajen kilomita 100 daga Tambuwal. Duk da haka tari bai taɓa barin gidajenmu ba. Abin da ke ɓata mana iska iri biyu ne tun zamanin kakanni. Ɗaya daga hamada ya ke zuwa, ɗaya kuwa daga murhu. Na murhun shi ya fi kusa da hancinmu, shi ne kuma mu ke da iko a kansa, amma shi aka fi daɗewa ba a gane sharrinsa ba.

Bari mu fara da hazo, gama shi ne babba a shekaru. Kowace shekara da an gama kaka, wajen watan Nuwamba, iska ta kan juya ta riƙa busowa daga gabas maso arewa, har zuwa Fabrairu ko Maris. Mutanen da sun san lokacinta sarai, sun san tana zuwa da faso da fashewar leɓe da haɓo da mura, amma ba su san inda ƙurar ta ke tasowa ba. Sai da aka sami taurarin ɗan'adam masu ɗauko hoton duniya daga sama sa'an nan aka ga babban tushenta ƙuru-ƙuru. Akwai wani kwari a ƙasar Cadi, arewa maso gabas da tafkin Cadi, ana ce da shi Bodele. Shekaru wajen 7,000 da suka wuce wurin nan duk ruwa ne, ƙarƙashin wani ƙaton tafki wanda tafkin Cadi na yanzu ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farin taɓo mai laushi kamar gari, galibinsa ɓawon waɗansu 'yan mitsi-mitsin tsirran ruwa ne da suka mutu. Iska ta kan kutso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta matsu ta ƙara ƙarfi kamar a bakin zugazugin maƙeri, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Ba wani wuri guda a duniya da ya kai kwarin nan tayar da ƙura. Abin da ke sauka a kan akushin mai cin tuwo a Dogon Daji ko Kuci ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, waninsa ma ya kan ƙetare teku har Amurka ta Kudu.

Hazo ba kullum ya ke daidai ba. Bayan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da kuma na 1983 da 1984, ciyawa ta ƙone, itatuwa suka mutu, ƙasa ta zauna tsirara, ma'aikatan duba yanayi a Yammacin Afirka suka rubuta ƙaruwar kwanakin hazo fiye da na shekarun da suka gabata. Tsofaffin da ke cewa hazon yanzu ya fi na ƙuruciyarsu ba tatsuniya su ke yi ba.

To, me ƙura ke yi wa jiki? An halicci hanci da gashi da majina don su tare datti. A maƙogwaro da hanyoyin huhu kuma akwai waɗansu 'yan gashi da ido ba ya gani, kullum suna shara, suna turo datti sama har mutum ya yi kaki ya tofar. Manyan ƙwayoyin ƙura nan su ke tsayawa. Amma akwai mai laushi ƙwarai, wadda sai an jera kamar 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ita wannan ba mai tare ta. Ta kan zarce har can ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini, ta sa wurin ya kumbura. Shi ya sa mai asma ya kan sha wuya da hunturu, tsoho mai daɗaɗɗen tari ya kwana zaune. A 2020 waɗansu masana a Amurka suka gwama yawan ƙurar Bodele da labarin haihuwar yara kusan miliyan 1 a ƙasashen Afirka, suka ga a shekarun da ƙura ta fi yawa jarirai sun fi mutuwa kafin su cika shekara.

Akwai kuma sanƙarau. Wani zai ce, me ya haɗa sanƙarau da maganar numfashi, ba ciwon wuya da ƙwaƙwalwa ba ne? Ƙofar shigarsa ce ta haɗa su. Ƙwayar cutar a bayan hanci da maƙogwaro ta ke zama, mutane da yawa suna yawo da ita lafiya lau, suna ba juna ta hanyar tari da atishawa da cunkoso a ɗaki ɗaya. Sa'ad da busasshiyar iska da ƙura suka tsattsage fatar cikin hanci, sai ƙwayar ta sami kafar shiga jini. Ƙura ba ita ke ɗauko cutar ba, amma ita ke buɗe mata ƙofa. Don haka annoba ta kan tashi da hunturu, ta yi tsanani da bazara, da ruwan farko ya sauka kuma sai ta kwanta.

Ƙasarmu ta daɗe tana fama da wannan. An rubuta babbar annoba a Arewa a 1905, aka sake a 1921 inda Lardin Sakkwato ya sha wuya ƙwarai, aka kuma a 1949 da 1950. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana taswirar ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna, abin da a yau a ke kira ɗamarar sanƙarau, daga Senegal zuwa Habasha. Mu a tsakiyarta mu ke. A 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Daga 2011 aka fara allurar rigakafin rukunin A, wanda shi ne ya saba kawo manyan annoba, ya kuwa ja da baya sosai. Sai ga shi a 2013 wani sabon iri na rukunin C ya ɓulla, wurin da aka fara ganinsa a duniya kuwa shi ne ƙasar Tambuwal. Daga nan ya bazu Jihar Kebbi, ya kai Yamai a 2015, a 2017 kuma ya kwantar da mutum fiye da 14,000 a Nijeriya, fiye da 1,100 suka mutu, yawancinsu a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga rukuni biyar gaba ɗaya. In an zo yin ta garinku, kada ku ɓoye yara.

Hazo dai ba mai iya hana shi tasowa. Yanzu sai mu shiga cikin gida.

Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal, kai tun gabanin haka da nisa, duwatsu uku ne murhun ƙasar nan, har yau kuwa su ne a yawancin gidaje. Abin hurawa itace ne da karan dawa da na gero, in an rasa a haɗa da busasshen kashin shanu. Mutanen da ba su ɗauki hayaƙi abokin gaba ba, kuma suna da hujjarsu. Yana korar sauro, yana hana gara cin jinka, zangarniyar iri da aka rataye a bisa murhu ƙwari ba su taɓa ta. Da ɗari kuwa wuta ita ce bargon talaka. Mace in tana hawaye a gindin tukunya sai a ce girki ya gaji haka. In ta tsufa da tari, sai a ce tsufa ne, ko sanyi ne ya shige ta. Malamanmu sun yi rubuce-rubuce a kan magani, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai har a kan ciwon ido da basir. Amma a wancan zamani, nan da Turai duka, ba wanda ke da abin auna abin da ke cikin hayaƙi.

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Daga baya En'e ta shiga buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a gundumomi, a 1932 kuma aka kafa makarantar koyon aikin tsabta a Kano, inda a ke horar da duba-gari. Dattawa suna tune da su. Su kan leƙa masai, su leƙa rijiya, su buɗe randa su ga ko da tsutsar sauro, su ci tarar mai ƙazamin gida. Amma duba-gari ya kan wuce ta gaban ɗakin girki baƙi ƙirin da kunkunniya bai ce uffan ba. Ba laifinsa ba ne. Ba a koya masa ba, waɗanda suka koyar da shi ma garuruwansu cike su ke da hayaƙin kwal. Ga kuma agana da kuturta da ciwon barci sun cika wa hukuma hannu.

Abin da ya farkar da duniya a birnin Landan ya faru. Daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 aka yi tsananin sanyi, kowane gida ya hura kwal, iska kuwa ta tsaya cik. Hayaƙi ya haɗu da raɓa ya rufe birnin, har mutum ba ya ganin ƙafarsa da rana tsaka. Da abin ya yaye aka ƙirga, sai aka ga mutum wajen 4,000 sun mutu fiye da yadda aka saba, binciken baya ma ya kai lissafin wajen 12,000. Yawancinsu tsofaffi ne da jarirai da masu ciwon ƙirji. A 1956 majalisar Ingila ta yi dokar tsabtace iska, aka hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni da yawa. Ku lura da abu ɗaya, jama'a. Yawancin hayaƙin da ya kashe mutanen nan daga murhun gidajensu ya fito.

Daga nan likitocin ƙasashe masu girki da itace suka fara duban nasu. A 1959 wata likita a birnin Delhi na Indiya, sunanta Padmavati, ta ba da labarin mata masu yawa da huhunsu ya lalace har zuciyarsu ta gaza, alhali ba su taɓa shan taba ba. Abin da ya haɗa su shi ne shekaru a gaban murhun itace da kashin shanu cikin ƙuntataccen ɗaki. A nan gida kuma, a 1968, Dokta Sofoluwe ya bi gidajen jarirai kusan 100 da aka kawo asibiti a Legas da ciwon huhu, ya auna iskar da su ke kwana ciki, ya tarar da ita cike da gubar hayaƙin girki. A 1981 wani masani Ba'amurke, Kirk Smith, da abokan aikinsa suka rataya wa mata 'yan na'urori a ƙauyukan Gujarat ta Indiya suna girki, don a auna abin da ke shiga hancinsu. Shi ne daga baya ya kiyasta cewa buɗaɗɗen murhun itace a ɗaki ya kan fid da hayaƙi kamar a ƙona karan sigari 400 cikin awa ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara fiye da 237,000 'yan ƙasa da shekara 5. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna wajen gida biyu cikin uku da itace ko gawayi ko kara su ke girki, a ƙauyuka kuwa abin ya fi haka nesa.

Ga yadda ɓarnar ta ke. Hayaƙi ya kan kashe ƙarfin 'yan gashin nan masu shara da muka ambata, ya raunana dakarun jiki da ke tsaron huhu. Yaron da ke goye a bayan uwarsa tana tuƙa tuwo, hancinsa na daidai inda hayaƙi ke tashi, ga shi yana numfashi da sauri fiye da babba, ga huhunsa bai ƙosa ba. Murar da za ta wuce cikin kwana uku sai ta gangara ta zama ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira namoniya, yana kuwa cikin manyan masu kashe ƙananan yara a Nijeriya. Uwar ita ma ba ta tsira ba. Bayan shekara 20 ko 30 hanyoyin huhunta su kan ƙuntace, ta riƙa haki in ta ɗauko tulu daga rijiya, irin ciwon da a da a ke cewa na mashaya taba ne kaɗai. Ido ma ya kan yi yana. Mai ciki kuma ta kan haifi ɗa marar nauyi. Waɗanda suka fi shan wannan wuya su ne masu sana'ar wuta, mai tuyar ƙosai da ƙuliƙuli, mai dafa kalwa don daddawa wadda ta kan kwana tana iza wuta, mai turara shinkafa a garuruwan fadamar gulbin Zamfara, da mai bandar kifi.

Tarin fuka kuwa ƙwayar cuta ke kawo shi, wadda Robert Koch ya gano a Jamus a 1882. Hayaƙi ba ya haifar da ita, amma huhun da hayaƙi ya gajiyar ya fi saurin karɓarta, rufaffen ɗaki marar taga kuma shi ne inda ta fi jin daɗin yaɗuwa. Ko sanƙarau ɗin ma, wani bincike da aka yi a arewacin Gana bayan annobar 1997 ya nuna masu zama a ɗakin girkin itace sun fi kamuwa.

Wani abin mamaki shi ne, ci gaban da muka samu bai rage hayaƙi ba ko'ina, a waɗansu wurare ma ƙara shi ya yi. Ɗakin jinka na da, kome baƙinsa, hayaƙi ya kan sulale ta cikin ciyawa ya fita. Da aka sami kuɗi aka yi rufin kwano da bangon siminti, aka sa ƙofar ƙarfe, aka toshe 'yar tagar da tsumma don sanyi ko don ɓarawo, sai hayaƙi ya rasa hanya. Fitilar aci-balbal ta zo da nata baƙin, wanda duk ya kwana da ita ya san abin da ya kan fyato da safe. Ita dai fitila mai batir da mai cajin rana sun kusa raba mu da ita, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne. Sai leda ta shigo, ta zama abin kunna wuta a gidaje da yawa, ga ta kuma a juji ana ƙonawa tare da tsofaffin tayoyi, hayaƙinta kuwa ya fi na itace dafi. Ga igiyar leko da a ke kunnawa a rufe ɗaki a kwana da ita. Ga babura da manyan motocin da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ta tsakiyar Tambuwal, ga injin niƙa da na ban ruwa. Sigari ma ta sami gindin zama, har aka buɗe masana'antarta a Zariya a 1959, shekara 9 bayan likitocin Ingila sun nuna alaƙarta da sankarar huhu. Dokar 2015 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, amma doka ba ta shiga ɗakin da maigida ke busawa 'ya'yansa na barci.

Waɗansu gidaje sun koma risho, waɗansu 'yan kaɗan gas. Amma aka janye tallafin kananzir a 2016, aka janye na fetur a 2023, kome ya yi tsada, mata da yawa suka ajiye risho suka koma wa itace da gawayi.

A nan ya kamata a ja kunne a kan gawayi da janareto, domin su ba su jiran shekaru. Suna fid da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. In ta shiga jini sai ta kama gurbin iskar kirki. Mutum ya fara jin ciwon kai da jiri da kasala, ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. An sha wayar gari a tarar da mutanen ɗaki guda duka sun mutu, ga kaskon gawayi a tsakar ɗaki ko janareto a bakin ƙofa, a shiga zargin aljanu ko sammu ko abincin dare. Kasko ba ya kwana a rufaffen ɗaki. Janareto kuwa waje ya ke zama, nesa da taga.

Maganar ɗakin mai jego tana bukatar a yi ta a hankali, don al'ada ce da iyayenmu mata suka riƙe da kyakkyawar niyya. A kan hura wuta a ɗakin, wani wuri har a ƙarƙashin gadon ƙasa, a rufe ko'ina don kada sanyi ya kama ta, kwana 40 ko fiye. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da tsananin zafin nan. Wannan na uwa ke nan. Jaririn kuwa, wanda huhunsa bai fi kwana bakwai da fara aiki ba, shi ke shaƙar hayaƙin dare da rana. Iya, Inna, Gwaggo, a dafa ruwan wanka a waje, a lulluɓe mai jego da jaririnta da zane mai kauri, a bar wutar a tsakar gida.

Ƙurar sana'a ma a sa ta a lissafi. Masu sussuka da shiƙa da casar shinkafa sun san yadda ƙaiƙayi ke shaƙe ƙirji. Maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara sun ga mafi muni a 2010, sa'ad da aka riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar mai gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Ita dalma ƙwaƙwalwa ta ke taɓawa, amma garin dutsen kansa ya kan yi wa huhun mai niƙa tabon da ba ya warkewa. Duk saurayin da ya tafi haƙar zinariya ya komo da tari, a kai shi a auna.

To, an gwada gyara? An gwada. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta ƙera ingantattun murahu masu cin itace kaɗan. A ƙasar Gwatemala, daga 2002 zuwa 2004, aka gina wa waɗansu gidaje murhu mai bututun fid da hayaƙi ta rufi, aka bar waɗansu da na gargajiya. Hayaƙin da yara ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, ciwon huhu mai tsanani kuma ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Amma a Malawi, inda aka raba wa dubban gidaje murhun zamani marar bututu, da aka fid da sakamako a 2016 ba a ga ciwon huhun yara ya ragu ba. Murahun sun riƙa lalacewa, mata sun ci gaba da haɗawa da na da, ga hayaƙin maƙwabta da na juji. Kada wani ya sayar muku da murhu ya ce maganin tari ne. Murhu mai cin itace kaɗan yana da amfani ga aljihu da daji, amma abin da huhu ke so shi ne hayaƙin ya fita waje, yaro kuma ya yi nesa da shi. Mai halin sayen gas, shi ya fi duka.

Wanda ba shi da hali ma akwai abin da zai yi yau ba da ko kwabo ba. In ba ruwa a ke yi ba, a yi girki a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, mai girki ta zauna ta inda iska ke fitowa. In dole sai ɗaki, maigida ya ɗauki sangwami ya huda taga biyu masu fuskantar juna, ɗaya can sama kusa da rufi, gama hayaƙi sama ya ke nema. A busar da itace sosai kafin a hura, ɗanye shi ya fi hayaƙi. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, wuta ta yi gajeren aiki. A sauke goyo a ba kaka ko yayarsa su zauna da shi nesa har a sauke tukunya. A yayyafa ruwa kafin a yi shara. Ranar da hazo ya yi kauri, mai asma da tsoho da jariri su rage fita, mai fita kuwa ya rufe hanci. Rawani da mayafi suna tare manyan ƙwayoyi, mai laushin kuwa sai takunkumi irin na asibiti mai kama fuska sosai. Don sauro, gidan sauro ya fi igiyar leko.

Allurar rigakafi ma tana cikin maganin. Tun 2012 aka shigo da allurar nan mai haɗe da kariya biyar, daga ƙarshen 2014 kuma aka fara ta namoniya, duka kyauta ne a ɗakin shan magani, tare da ta ƙyanda, wadda ita ma ta kan sauka a huhu.

In yaro yana tari, ku buɗe masa riga sa'ad da ya ke kwance shiru, ku ƙirga numfashinsa minti ɗaya da agogon waya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyaka 50. Daga shekara 1 zuwa 5, iyaka 40. In ya kai haka, ko kuka ga ƙasan haƙarƙarinsa na shigewa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya yi lagwas, to, ba murar da za a jira ba ce, ba kuma ta tsaga ko turare ba. A kai shi wurin malamin asibiti ran nan, in ya ce a wuce babban asibitin Tambuwal a wuce, kada a tsaya jiran ranar kasuwa. Babba kuwa da ya yi mako 2 yana tari, balle in yana rama ko zufan dare ko kaki da jini, ya je a auna kakinsa. Awon tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 a ke sha, ba a kuwa yankewa don an ji sauƙi.